Kwaɗon Wayar Inna

Shagona na gyaran waya yana bakin tasha a Karaye, tsakanin mai faci da mai sayar da man gyaɗa. Na buɗe shi ne bayan na gama karatun kwamfuta a Kano, na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya cinye, sannan na dawo gida ina gaya wa mutane ai dama ni zaman birni bai karɓe ni ba. Ba wanda ya yarda, amma ba wanda ya ƙaryata ni a gabana.

Abin da na fara lura da shi a shagon shi ne yadda mata suke miƙo waya. Namiji zai jefo maka ita a kan tebur ya ce ka duba, ya wuce wajen mai shayi. Mace kuwa sai ta tsaya a kanka, idonta a kan yatsunka, ko rana ta kai tsaka ba za ta matsa ba. Kuma suna da gaskiya. An sha jin hoton matar aure ba mayafi ya fita daga wani shagon gyara ya zaga gari kafin wayar ta koma gida. Wata ta taɓa gaya mini ta gwammace ta jefa tata a masai da ta kai ta gyara. Na ce mata masai ba ya maido da waya, ta ce shi kuma ba ya tura hoto.

Wannan ne ya sa na zauna rubuta kwaɗon kulle abin da ke cikin waya. Ba manhaja na fara da ita ba, laburare na fara rubutawa. A wajen masu sana'armu laburare ba ɗakin littattafai ba ne. Ƙunshin umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya, duk manhajar da ke bukatarsa ta ɗauka ta yi aiki da shi, kamar injin niƙa ɗaya da unguwa gaba ɗaya ke kai wa hatsi. Nawa aikinsa guda ne. Ka ba shi fayil da kalmar sirri, ya dagula fayil ɗin ya zama tarkacen lambobi marasa kai da gindi. Ka dawo masa da tarkacen da kalmar nan, ya maido maka abinka yadda yake. Lissafin da ke ciki ba ni na ƙirƙiro ba, masana ne suka yi shi, aka daɗe ana gwada ƙarfinsa. Duk wanda ya ce maka ya ƙirƙiro nasa lissafin a shago, karɓe wayarka ka yi gaba.

Wahalar tana wani wuri dabam. A garinmu waya ba ta tsufa a hannu ɗaya. Yau tana hannun miji, gobe ya ba matarsa, jibi an sayar an sayi taki. Katin memori kuwa yawo yake daga waya mai araha zuwa mai tsadar nan da alhazai ke dawowa da ita, daga nan zuwa laftof ɗin malamin makaranta. Idan na kulle abu a wannan na'ura ya ƙi buɗewa a waccan, ban taimaki kowa ba, na dai ƙwace wa mutum kayansa da ladabi. Don haka dole abin da aka kulle a ko'ina ya buɗe a ko'ina. Faɗar hakan ba wuya. Yinsa ya ci mini damina guda da rani, domin kowace na'ura da irin taurin kanta: wannan tana jera lambobi daga dama, waccan daga hagu, wata kuma ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta kaza ba, da ka ba ta aiki mai nauyi sai ta suma.

Da na ɗora aikin a intanet don kowa ya gani ya gyara, sai wani mutum daga wata ƙasa mai sanyi ya fara sa hannu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ba ya gaisuwa, ba ya tambayar iyali, layi biyu zai rubuto ya ce wuri kaza ba daidai ba ne. Da farko na ɗauka raini ne, har na rubuta masa amsa mai zafi na goge. Daga baya na gane haka Allah Ya yi shi, kuma ya san aiki. Mu biyu muka tsaya a kan doka ɗaya: ba ƙofar baya. Idan kalmar sirri ta ɓace, abin ya ɓace, ko ni da na rubuta ba ni da yadda zan yi. Kwaɗon da maƙerinsa ke ajiye da makulli na biyu, matan da ke tsayuwa a kaina ba su da dalilin yarda da shi.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne baƙaƙenmu masu ƙugiya. Na san mutanenmu za su rubuta kalmar sirri da Hausa, kuma na san ɓ da ɗ da ƙ suna rikita na'urori. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, na gwada su a kowace waya da ta shigo shagon gyara, da izinin mai ita ko kafin ya dawo daga shayi. Na tabbatar ƙosai a wannan waya ƙosai ne a waccan. Bayan nan na ɗora 'yar manhaja a kan laburaren, mai maɓalli biyu, kulle da buɗe. Duk matar da na saka wa sai na yi mata huɗuba iri ɗaya: kada ki gaya wa miji, kada ki gaya wa ƙawa, ko ni kada ki gaya wa.

Innarmu ba ta taɓa nuna ta san abin da nake yi ba. A wajenta ni mai gyaran waya ne, sauran duk zaman banza ne a gaban gilashi. Ni ne autanta. Sunana a bakinta yake tun daga asuba: in ɗebo ruwa, in rufe awaki, in daina jan takalmi. Maƙwabta sun san sunana kafin su san fuskata.

Yayanmu, ɗanta na fari, labarinsa dabam ne. Tun da aka yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Kwanyawa, can ya tashi. Inna tana yi masa kunya irin ta mutanen da, cikakkiya, ba ragi. Ba ta kama sunansa. In ta zama dole ta ambace shi sai ta ce yayanku, ko mutumin Kwanyawa. Idan ya zo gaishe ta zai durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta sami wani aiki a hannu, tsince wake ko gyaran tsintsiya, ta amsa a taƙaice tana kallon waken. Mun tashi mun tarar da haka, ba mu taɓa ganin wani abu a ciki ba. Ni har cikin raina na ɗauka ni ne ɗan so.

Fataucin gyaɗa yake yi, yana saye a kasuwar Rogo da ƙauyukan gefen Tudun Kaya yana kaiwa Kano da gaba da Kano. Shi ya saya wa Inna babbar waya, ya aiko da ita ta hannuna, domin ba zai iya miƙa mata hannu da hannu ba. Daga nan ya samo dabara. Duk inda ya sauka sai ya turo mata saƙon murya. Ba ta taɓa mayar masa da ko ɗaya ba. Na san suna shigowa saboda ni nake saka mata data, amma ban taɓa ganin tana saurare ba.

Wata rana da hantsi, matan unguwa sun cika tsakar gidanmu ana ɓarar gyaɗa, wata jikarta ta ɗauki wayar tana danne-danne, sai ga muryar Yaya ta cika gida yana cewa, "Inna, ya ƙafar taki?" Mata suka kwashe da shewa. Ɗaya ta ce ashe ana hira a ɓoye. Inna ta ƙwace wayar ta cusa a ƙarƙashin tabarma, ta ce ita ba ta san yadda abin ya shigo ba ma.

Da yamma, bayan kowa ya watse, ta kira ni.

"Auta, wannan abin da kake saka wa matan gari, hoto kaɗai yake kullewa, ko har da magana?"

"Komai yake kullewa, Inna."

"To, akwai wasu saƙonni."

"Na wa?"

Ta dubi kajin da ke tono a gindin rumbu. "Na yayanku."

Na so in tsokane ta, na ga fuskarta na fasa. Na tattara saƙonnin, da yawansu har ya ba ni mamaki, domin ba ta goge ko ɗaya ba. Na zuba su cikin kwaɗon, na nuna mata yadda za ta riƙa ƙara sababbi, na goge na waje kamar yadda ta ce. Inna ta yi ajin yaƙi da jahilci da girmanta, tana rubutu da yatsa ɗaya, a hankali, kuma ba ta yafe wa ƙugiya ko ɗaya. Na saka mata kibod mai Hausa tun ranar da wayar ta zo. Na ce ta zaɓi kalmar da ba za ta manta ba, na juya mata baya, ta rubuta sau biyu. Sannan na yi mata huɗubata tun daga farko har ƙarshe, har da ko ni kada ki gaya wa. Ta ce ta ji, in tashi in rufe awaki.

Yaya ya rasu da kaka, a kan hanya, motar da ya ɗora wa kaya ta kife da su. Ranar da aka kawo shi Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu ta'aziyya suna shigowa tana nuna musu ɗakin matarsa, tana cewa can za ku shiga, ita ce abin tausayi. Ta tsaya a kan tukwanen abincin baƙi kamar rasuwar ta maƙwabta ce. Na ji haushinta a lokacin, ban ɓoye wa kaina ba. Bayan an share makoki na fara lura tana yawan kawo mini wayar caji, alhali ba ta kiran kowa.

Wayar ta mutu ne bayan wasu watanni. Inna ta sunkuya wanke gero, wayar ta zame daga ƙugun zaninta ta faɗa cikin bokiti, kuma ba ta lura ba sai da ta gama. Na buɗe ta a shago na ga ruwa ya riga ya ci allon ciki. Ban damu ba ko kaɗan. Kullallen fayil ɗin yana kan katin memori, kati kuwa lafiyarsa ƙalau, har na kwafi wani a laftof ɗina don tsaro. Domin irin wannan ranar ma aka rubuta laburaren. Na kawo mata sabuwar waya ta wani kamfani dabam, mai nata kibod ɗin na Hausa, na saka kati, na miƙa mata ina ji da kaina, na juya baya.

"Ya ce ba daidai ba ne," in ji ta.

"Sake rubutawa, Inna. A hankali."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Na karɓa na duba ƙugiyoyin sabon kibod ɗin, duk daidai suke. Na kulle wani hoto da kalmar gwaji na buɗe, ya buɗe. Na kawo laftof na nuna mata inda baƙaƙen suke, ta rubuta a can, ya ƙi. Fayil ɗin bai lalace ba, wannan na iya tabbatarwa ba tare da kalmar ba. Saura abu ɗaya, kuma na faɗe shi yadda nake faɗa wa masu zuwa shago.

"Inna, ko dai kin manta ne?"

Ta ɗago ta dube ni. "Ban manta ba."

"Ana mantawa fa. Harafi ɗaya ya kuskure, shi ke nan."

"Na ce maka ban manta ba."

"To gaya mini in rubuta miki, ko yatsanki ne yake zamewa."

"Ba kai ka ce ko kai kada in gaya wa ba?"

"Na janye."

"Ni ban janye ba."

Haka muka yi ta yi. Kowace safiya kafin in fita sai ta gwada, kowace yamma in sake roƙonta. Na ce ta rubuta a ƙasa da tsinke in gani ta share, ta ƙi. Na ce ta gaya mini harafin farko kawai, ta ce in ci tuwona. Na yi mata bayanin cewa babu wata hanya, ni na gina abin, na san babu, kuma saƙonnin nan ba su da kwafi a ko'ina a duniya, wayar Yaya ta ragargaje tare da motar. Ta ji duk wannan. Sannan wata yamma ta miƙo mini wayar ta ce in cire abin gaba ɗaya, yana cin wuri.

"A bar shi, Auta. Allah bai nufa ba."

A nan kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Inna, muryarsa ce fa! Saboda kalma ɗaya?" Na ɗaga murya fiye da yadda ake ɗaga wa uwa. Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na zauna da wayar a hannu ina jin haushinta, ina jin haushin huɗubata da ta riƙe kamar karatun allo. Ban cire komai ba.

Ranar kasuwar Rogo na rufe shago na hau babur. Yayata mace, mai bin marigayi, can take aure, kuma in akwai mai iya tanƙwara Inna ita ce. Na tarar da ita tana matsar man gyaɗa, hannunta duk tunkuza. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi ƙafarta, ta tambayi awaki, ta tambayi shago, ta tambayi yaushe zan yi aure, na tambayi maigidan da yara da ruwan bana. Sai da aka kawo mini fura na sha sannan na kwashe labari na gaya mata. Na ce ta zo ta yi wa Inna magana, ko ita a gaya mata, tunda ni an maishe ni ɓarawo.

Ta daina matsar. Ta yi wata 'yar dariya, sai kuma na ga ta share ido da bayan hannu.

"Ni ma ba za ta gaya mini ba."

"Saboda me, Yaya? Dokar nan fa ni na kafa ta."

"Wace doka? Yaushe Inna ta fara bin dokarka? Matar da ta tsaya a zaure ta gaya wa mai unguwa magana a kan iyakar gona, ita ce za ta ji tsoron dokar auta? Ka taɓa jin akwai abin da bakinta ya kasa ɗauka?"

"Babu."

"Akwai ɗaya."

Na dube ta da ludayi a hannu. Sai da ta ga na gane sannan ta koma kan aikinta.

"Kai ba za ka sani ba," in ji ta. "Naka sunan ya zama na akuyar gida, safe da yamma ana kira."

"Amma in ba ta iya furta shi, ta yaya za ta rubuta shi?"

"Da baki aka ce kada ta kira. Ba wanda ya ce mata komai a kan yatsa. Kullum ta buɗe abin nan sai ta rubuta, ko ba haka ka tsara shi ba?"

Haka na tsara shi. Kowace buɗewa sai an rubuta kalmar daga farko har ƙarshe. Na tuna yawan cajin da wayar nan ta sha, na ji kunya ta rufe ni, na kuma ji tausayin Inna irin wanda ban taɓa ji ba. Ta gwammace ta rasa muryar ɗanta da ta bari ɗaya ɗan ya ga abin da take rubutawa.

Daga nan kan mai gyara ya dawo aiki. Na jera sunan marigayi a zuciyata harafi bayan harafi. Ba ƙugiya ko ɗaya a ciki. Amma a tsakiyarsa akwai alhamza, 'yar alamar nan da ke rataye a sama a kalmomi irin su sa'a da addu'a. Na ajiye ludayi na yi wa yayata sallama a tsaye, tana ce mini ba a gudu daga fura.

A layin masu gyaran waya na kasuwar akwai wani abokin sana'a da ba ya zubar da komai. Na ce ya nemo mini waya irin tsohuwar ta Inna mai irin kibod ɗin da na saka mata. Ya tona kwali ya samo. Na rubuta sa'a a cikinta, na rubuta sa'a a sabuwar, na aro mai tsada a hannun wani alhaji da ke jiran gyara na rubuta sa'a. A ido kalma ɗaya ce. Da na leƙa lambobin da ke ƙarƙashin baƙaƙen, domin na'ura lamba take gani ba harafi ba, sai ga alhamza iri uku. Sabuwar waya tana saka tsayayya, irin ta injin buga rubutu. Mai tsada tana lanƙwasa ta don ado, ba tare da ta tambayi kowa ba. Tsohon kibod ɗin kuwa yana saka wata ta uku, wadda aka ware wa harsuna irin namu. Lissafin kwaɗo ba ya sanin kusa da daidai. Lamba ɗaya ta canza, makullin da zai fito ba shi da dangantaka da na farko. Inna ba ta taɓa kuskure harafi ba. Masu ƙera wayoyi ne kowa ya zaɓi tasa alhamzar, ba wanda ya tuna akwai mutanen da sunayensu ke rataye a kanta.

Gyaran ba shi da tsawo. Duk sabon kulli, laburaren zai mayar da kowace irin alhamza iri ɗaya kafin ya haɗa makulli. Tsofaffin kulli kuma, in kalmar ta ƙi, zai gwada ta da sauran ire-iren a ɓoye kafin ya ce ba daidai ba ne. Mutumin ƙasar sanyi bai so ba. Ya rubuto cewa gwada kalma fiye da sau ɗaya yana ɗan sauƙaƙa wa ɓarawo, kuma bai ga dalilin wahala a kan alamar rubutu ba. Na ce masa a wajenmu ba alama ba ce, baƙi ne cikakke kamar kowane baƙi, in ka cire ta daga sa'a ka koma wata kalma dabam. Na fara rubuta masa labarin ɗan fari da Turanci, na kai layi na huɗu na ga abin ya koma kamar ina kai ƙarar uwata, na goge. Na tura masa lambobin uku kawai. Ya dawo da kalma ɗaya, ma'anarta to.

Yanzu fayil ɗin yana laftof ɗina, kalmar tana kaina. Zan iya gwadawa a shago in san ko hasashen yayata daidai ne kafin in sake ɗaga wa Inna rai. Yatsuna sun yi ƙaiƙayi, har na buɗe wurin rubutawa. Ba kirki ne ya hana ni ba. Na san fuskata ba ta riƙe magana, Inna za ta kalle ni sau ɗaya ta karanta komai, kuma daga ranar ba za ta ƙara taɓa wayar ba. Na rufe laftof. Na saka sabuwar manhajar a wayarta na nufi gida ban san ko za ta buɗe ba.

Na same ta bayan la'asar a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi. Ta ce ya wuce, ai ta san ni tun ina tsumma.

"Inna, na gano matsalar. Ba ke ba ce, kibod ɗin ne. Sabbin wayoyin nan ba su da tarbiyya."

"Ba na ce ka cire abin ba?"

"Zan cire. Ki gwada sau ɗaya, in ya ƙi in cire a gabanki."

Ta daɗe tana kallon wayar a hannuna. Sannan ta goge yatsunta a zani ta karɓa. Na juya baya ina kallon rumbu. Ina jin ɗan ƙaran kowane harafi, na hana kaina ƙirgawa. Laburaren da gangan muka sa shi jinkiri wajen haɗa makulli, don mai hasashe ya gaji, yanzu kuma sai ya gwada fiye da sau ɗaya. Ban taɓa jin haushin wannan jinkirin ba sai ranar.

Ba ta ce ya buɗe ba. Ji na yi kawai, daga bayana, an yi gyaran murya irin wanda na sani tun ina yaro, ga ƙarar motoci a nesa, sannan, "Salamu alaikum, Inna." Ta danne shi da sauri ya yi shiru.

"Auta," in ji ta, muryarta daidai kamar kullum, "jeka ka sayo mini ashana."

Akwai kwalin ashana a kan tagar ɗakinta, ina ganinsa daga inda nake. Na ce to. Na tashi ban waiwaya ba, na shiga zaure, na zauna a kan dakali ina neman takalmina da ke gabana.

"Salamu alaikum, Inna. Ina wuni? Ya gida, ya ƙafar taki?"

"Amin, alaikumus salam," in ji Inna, a hankali. "Lafiya lau. Ƙafa da sauƙi. Ya hanya? Ka ci abinci kuwa?"

Shi kuwa ya riga ya wuce, yana ba ta labarin ruwan da ya tare su kafin su shiga gari, bai jira amsarta ba. Na sa takalmina na fita neman ashana.